Yadda ake sabunta bayanan mai inshora kafin ranar neman diyya

Kamfanin inshora bai san abokin hulɗarsa da fuska ba, bai san ƙofar gidansa ba, bai kuma san wace ce uwargidansa ba. Iyakar abin da ya sani shi ne abin da aka rubuta a fom ranar da aka ƙulla yarjejeniya. Bayan shekaru uku mutum yana iya tashi daga unguwa, ya sauya layin waya, ya ƙara aure, ya sayar da motar da aka yi wa inshorar, amma takardar tana nan yadda aka bar ta, kuma da ita za a yi aiki ranar da hatsari ko gobara ko rasuwa ta sa aka zo neman diyya. Sau da yawa jayayyar da ake yi a wannan rana ba a kan ko asarar ta faru ba ce, a kan ko wanda ya zo da abin da ya lalace su ne waɗanda ke cikin takarda ce.

Matakin farko shi ne ka fito da takardun inshorar gaba ɗaya ka zauna da su. Mutane da yawa satifiket kawai suke ajiyewa, wato shafi ɗayan da ake nuna wa 'yan sanda a hanya, alhali muhimman bayanai suna cikin jadawalin yarjejeniyar, inda aka jera sunan mai inshora, adireshinsa, sana'arsa, abin da aka yi wa inshora, kimarsa, da ranar farawa da ta ƙarewa. Idan ba a taɓa ba ka jadawalin ba, ka nema daga kamfanin ko daga dillalin da ya haɗa ku, domin hakkinka ne. Daga nan ka ajiye takardar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya, bayanan BVN, wato lambar tantancewa ta asusun bankinka, lasisin tuƙi da takardun mota a gefe, ka bi su layi bayan layi kana kwatantawa.

A kan suna ne aka fi samun matsala, kuma mu a nan Arewa muna da dalilinmu na musamman. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammed a lasisin tuƙi. Wani a takarda ɗaya sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a wata kuma sunan garinsu, kamar Gusau ko Azare. Mace kuma wani lokaci ta yi inshora da sunan mahaifinta, daga baya ta mayar da takardun bankinta zuwa sunan mijinta. A wurin jama'a duk wannan mutum ɗaya ne, amma jami'in da zai tura kuɗin diyya zuwa asusu yana buƙatar sunan da ke takardar inshora ya dace da sunan asusun, in ba haka ba sai ya dakatar da biya har a kawo hujja. Shawarata ita ce ka ɗauki sunan da ke NIN a matsayin ma'auni, ka gyara sauran su bi shi. Idan kuskuren rubutu ne kawai, kwafin takardar shaida yakan wadatar. Idan sauyin suna ne na gaske, yawanci za a nemi takardar rantsuwa daga kotu da sanarwar sauya suna a jarida, wani lokaci har da takardar aure. Ranar haihuwa ma ta cancanci a duba ta da kyau a inshorar rai, saboda da shekarun mutum ake lissafin kuɗin da zai riƙa biya, kuma idan aka gano an rage shekaru, kamfani yakan rage abin da zai biya magada daidai da bambancin.

Lambar waya da adireshin imel gyaransu ba shi da wahala, amma sakaci da su yana da tsada. Ta nan ake turo tunatarwar cewa wa'adin inshora ya kusa ƙarewa. Tun daga watan Janairun 2013 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, take tsananta aiki da ƙa'idar cewa babu kariya sai an biya kuɗi, saboda haka wanda saƙo bai same shi ba har wa'adinsa ya wuce, yana yawo ne ba tare da inshora ba ko da bai sani ba. Sannan layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanonin sadarwa sukan sayar wa wani, wanda hakan ke nufin saƙonnin yarjejeniyarka za su riƙa shiga wayar baƙo.

Inshorar mota tana da nata bayanan da ba na jikin mutum ba ne, amma suna ƙarƙashin sunansa: lambar rajista, lambar inji, lambar shasi, launi, da kuma aikin da motar take yi. Wanda bakanike ya sauya masa inji gaba ɗaya, ko ya karɓi sabuwar lamba, ko ya sake wa motar fenti da wani launi, ya kamata ya sanar. Aikin motar ya fi duk waɗannan nauyi. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2023 kuɗin inshorar da ke kare wanda aka yi wa ɓarna a hanya ya tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara ga motar hawa ta gida, tare da diyyar dukiya har naira miliyan 3, yayin da babbar motar dakon kaya take biyan naira 100,000. Bambancin yana nuna cewa kowane irin aiki da farashinsa. Ma'aikacin da ya yi inshora a matsayin mai motar gida, daga baya tsadar rayuwa ta sa ya fara ɗaukar fasinja da yamma, ya sauya haɗarin da kamfani ya ɗauka ba tare da saninsa ba, kuma kamfanin yana da hujjar ƙin biya idan hatsari ya faru da fasinja a ciki. Haka nan idan ka sayar da mota, inshorar ba ta bin mai saye da kanta kamar yadda makulli ke binsa. Ka rubuta wa kamfani cewa motar ta bar hannunka, mai saye kuma ya yi tasa da sunansa.

Ga 'yan kasuwa, adireshi ba wurin aika wasiƙa kawai ba ne, shi ne wurin da aka yi wa inshorar. Idan takarda ta ce kaya suna shago lamba kaza a Kantin Kwari, ɗan kasuwa kuma ya kwashe rabinsu zuwa sito a wata unguwa, gobarar da ta tashi a siton ba ta cikin yarjejeniya sai in an ƙara wurin a rubuce. Haka abin yake idan an sauya irin hajar, misali mai sayar da atamfa ya fara ajiye turare ko fenti, waɗanda ke saurin kama wuta. Akwai kuma batun kima, wanda faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta mayar da shi babba. Yawancin yarjejeniyoyin gobara suna ɗauke da sharaɗin da ke cewa idan an yi wa kaya inshora ƙasa da ainihin kimarsu, za a biya diyya ne gwargwadon kason da aka rufe. A misali, kayan da aka rubuta naira miliyan 10 amma yanzu sun kai miliyan 20, idan wuta ta ci na miliyan 6, miliyan 3 za a biya, domin ana ɗaukar mai shago ya ɗauki nauyin rabin haɗarin da kansa. Wannan lissafi yana ɓata wa mutane rai ƙwarai, amma yana rubuce a takardar da suka sa wa hannu.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne sunan wanda za a biya idan mai inshora ya rasu. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi musu inshorar rai ta rukuni, wadda kimarta ba za ta gaza ninki uku na jimillar albashin shekara ba, kuma ana biyan kuɗin ne ga wanda ma'aikacin ya ambata. Ma'aikata da yawa sun cike wannan fom ne a makon farko na kama aiki, suna samari, suka rubuta sunan mahaifi ko yaya. Bayan shekara ashirin mahaifin ya rasu, ma'aikacin yana da mata biyu da 'ya'ya takwas, amma fom ɗin bai san da su ba. Idan wanda aka ambata ya riga mai inshora rasuwa, iyali sukan koma neman takardar izinin kula da gado daga kotu, aikin da ke cin watanni da kuɗi a daidai lokacin da ake cikin makoki. Ka kuma lura cewa gurbin dangi mafi kusa da ake cikewa a fom ba lallai ne ya zama gurbin mai karɓar kuɗi ba. Sau da yawa na farkon mutum ne kawai da za a tuntuɓa. Wanda yake da inshorar takaful, wato mai bin tsarin Musulunci, ko yake son a raba kuɗin bisa ƙa'idar gadon Musulunci, ya tambayi kamfanin a fili ko wanda aka ambata mallakar kuɗin zai yi ko kuwa amana zai karɓa don rabawa magada, ya kuma nemi amsar a rubuce. Ma'aikaci yana yin wannan gyara ne ta ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinsa, tun da su ne suka ƙulla yarjejeniyar da kamfanin. A inshorar lafiya ta ma'aikata ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ma haka ne: tsarin yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma jaririn da ba a shigar da sunansa ba asibiti ba zai gan shi a rajista ba.

Hanyar isar da gyaran ita ce a rubuce. Kiran waya ga wakilin da ya sayar maka da inshorar, ko gaya masa a bakin masallaci, ba ya zama sanarwa, domin wakili yana iya mantawa ko ya bar aikin. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa ko imel zuwa ga kamfanin, ka sa lambar yarjejeniyar a sama, ka faɗi bayanin da ke takarda yanzu, ka faɗi sabon, ka ambaci ranar da sauyin ya faru, ka haɗa da kwafin hujja. Idan kai ka kai ofis da hannunka, ka tafi da kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Idan ta hannun dillali ka yi inshorar, ka aika ta wurinsa amma ka sa kamfanin a cikin saƙon. Wasu kamfanoni suna da manhaja ko shafin intanet da ake gyara waya da adireshi kai tsaye, sai dai sauyin suna da na mai karɓar kuɗi kusan kullum sai da sa hannu da takardar shaida.

Aika wasiƙa rabin aiki ne. Gyara bai tabbata ba sai kamfani ya fitar da takardar gyara, wadda ma'aikatansa ke kira endosmen, mai ɗauke da lambar yarjejeniyarka da sabon bayanin da ranar da ya fara aiki. Ka karanta ta kafin ka bar wurin, saboda ba abin mamaki ba ne a gyara harafi ɗaya a ɓata wani. Idan sauyin ya ƙara haɗari ko kima, kamar mayar da mota ta haya ko ɗaga kimar kaya, za a nemi ƙarin kuɗi na ragowar watannin shekara, kuma sai an biya kuɗin sannan sabon sharaɗin yake fara aiki. Ka maƙala takardar a jikin jadawalin, ka ɗauki hotonta a waya, ka kuma nuna wa mutum ɗaya a gida inda takardun suke.

Mai mota yana da hanyar tabbatarwa ta biyu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, wanda ake dubawa a shafin askniid.org da lambar mota ko lambar yarjejeniya, kuma shi jami'an tsaro suke dubawa, musamman tun da rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken inshorar mota a ranar 1 ga Fabrairun 2025. Bayan 'yan kwanaki da karɓar takardar gyara, ka shiga ka ga ko sabuwar lambar ta bayyana. Idan motarka ba ta cikin rumbun kwata-kwata, ka koma wurin da ka yi inshorar da gaggawa, domin akwai yiwuwar takardar bogi ce aka haɗa maka cikin takardun mota.

Idan kamfani ya yi shiru, ka sake rubutawa kana ambaton ranar wasiƙar farko, ka nemi sashen sauraron ƙorafi na kamfanin. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ba kowane mutum damar neman a gyara bayanansa da ba daidai ba a hannun duk wata cibiya da ke riƙe da su, kuma kamfanin inshora yana cikin waɗannan. Idan hakan ma bai yi ba, NAICOM tana da ofishin karɓar ƙorafe-ƙorafen masu inshora, kuma abin da za a fara tambayarka a can shi ne lambar yarjejeniya da kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa.