Yadda Za Ka Gane Dalilin Farin Maiƙo a Murfin Baƙin Mai Lokacin Sanyi

Idan hunturu ya kama a Kumasi tsakanin Disamba da Janairu, ko damina ta yi nisa gari yana wuni a lumshe, mai mota kan buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ya tarar da wani maiƙo fari mai ɗan rawaya ya manne a cikinsa kamar man shanu. Nan take hankali kan tashi a nufi Magazin, unguwar bakanikai da ke Suame, kuma kafin a yi gwajin komai an yanke hukuncin cewa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa wadda ke hana ruwa da mai haɗuwa, ya ƙone. Sau da yawa ba haka ba ne, kuma abin takaici ne a kwance kan injin da lafiyarsa ƙalau.

Maiƙon nan ruwa ne da baƙin mai suka cakuɗe. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana haifar da kimanin lita guda ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, amma kaɗan kan sulale ta gefen zobban fistin ya shiga inda mai yake. Idan inji ya kai zafin aikinsa, wato wajen digiri 90, kuma ya daɗe a haka, danshin yana ƙafewa ya fice. Amma motar da aikinta bai wuce kai yara makaranta daga Aboabo zuwa Asawase a dawo a kashe ba, mainta ba ya samun wannan zafi, sai tururin ya koma ruwa a saman inji, musamman a murfi, domin nan ne ya fi saurin hucewa. Sanyinmu bai kai na Turai ba, amma iskarmu cike take da danshi a yawancin shekara. Motocin da ake saukewa a tashar Tema daga Kanada ko Jamus ma kan iso da wannan maiƙo tun daga can.

Ka fara binciken da safe, inji yana sanyi, mota kuma tana kan wuri mai daidai. Zaro gejin mai, wato siririn ƙarfen da ake auna baƙin mai da shi, ka goge shi da farin tsumma, ka mayar sannan ka sake zarowa. Idan man yana da launinsa na kullum, ruwan zuma ko baƙi, kuma bai haura alamar cika ba, to da alama matsalar a murfi kawai take. Idan kuwa ya dame ya yi fari-fari, ko ka ga ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, mai yiwuwa ruwa ya shiga cikinsa sosai.

Daga nan ka duba ruwan lagireto da na robar da ke gefensa, ka yi alama a inda ya tsaya, ka sake dubawa bayan kwana biyu ko uku. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da ke raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, kumfa da ke tasowa yayin da inji ke aiki, maiƙo a saman ruwan, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan mota ta ɗumama, da allurar zafi da ke hawa, su ne alamun ƙonewar gasket. Ɗan tururin da salansa ke fitarwa da asuba ya ɓace cikin mintuna kaɗan ba ya cikinsu.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, goge murfin tas, ka hau babbar hanya ta wajen Ejisu zuwa Konongo ka yi tafiyar minti 30 zuwa 40 ba tsayawa, ka riƙa yin haka ko da sau ɗaya a mako. Barin mota a tsaye tana aiki a ƙofar gida da sunan ɗumama ta ba ya magani, domin a haka inji yana jinkirin ɗaukar zafi, danshi kuma ƙaruwa yake yi.

Akwai abin da ya fi damu na a garejinmu, wato al'adar cire tamostat da hujjar cewa ƙasarmu tana da zafi. Wannan ƙaramar na'ura ita ce ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da ya dace, sannan ta sake shi zuwa lagireto. Idan an cire ta, inji zai daɗe yana aiki da sanyi, ya ƙara shan fetur, ya kuma tara danshin da muke magana a kai. Ka tambayi bakanikenka kai tsaye: "Maigida, tamostat ɗin yana ciki kuwa?" Idan babu, a mayar da sabo. A duba kuma bawul ɗin PCV da tiyonsa, waɗanda ke zuƙe tururi daga cikin inji, domin toshewarsu kaɗai ta isa ta jawo maiƙon. Mai gajerun tafiye-tafiye ya canza mai da filta kafin cikar kilomitar da aka ƙayyade, ya kuma hana masu wankin mota harba ruwa mai ƙarfi a kan murfi da bakin geji.

Amma idan man da ke kan geji ya dame, ko mota ta ratsa ambaliya, kada ka tayar da ita, domin man da ya sha ruwa ba ya kare ƙarafan ciki daga gogayya. A ja ta zuwa gareji, a yi gwajin matsi a lagireto da silinda, a kuma duba na'urar sanyaya mai idan motar tana da ita, domin ita ma kan fashe ta haɗa ruwa da mai, kafin ka amince a taɓa kan injin.