Saƙon da Ba Ka Buɗe Ba: Ga Mai Shirin Barin Kaduna Zuwa Waje

Da zarar labari ya bazu a unguwa cewa bizarka ta fito, saƙonni za su fara sallama. Wannan ta ƙullo yaji da kuka a kai wa 'yarta a Jidda, wancan ya kawo kilishi a miƙa wa ƙaninsa a Landan. Mafi yawansu mutanen kirki ne, kuma haka muka taso daga Tudun Wada har Unguwar Rimi: matafiyi ba ya ƙin saƙo, yaro ba ya kwance ƙullin da babba ya ba shi. Masu safarar ƙwaya sun san wannan tarbiyya sarai, da ita suke farauta. Ba baƙuwar fuska za su turo maka ba. Wani ne da ya san kawunka, ko wata hajiya mai yawan sa albarka, su tare ka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ko a sansanin alhazai na Mando, daidai lokacin da ba ka da sukunin dubawa.

Ƙanena, duk abin da aka samu a jakarka naka ne a idon hukuma. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma ta koma zartar da shi a Nuwamban 2022 bayan ɗan dakatarwa. Ka tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a Disamban 2018, saboda wasu a filin jirgin Malam Aminu Kano sun liƙa sunanta a wata jaka mai tramadol ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan gwamnatin tarayya ta sa baki. Ita fa ko saƙo ba ta karɓa ba, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa?

Saboda haka a kwance kowane ƙulli a gaban mai shi. Ka rusuna ka ce, "Baba, a yi haƙuri, dokar tafiya ce, sai an buɗe." Mai gaskiya da kansa zai kwance maka. Wanda ya ɓata rai ya ce ka raina shi, ka mayar masa da kayansa cikin ladabi. Magani kuwa, ko na gargajiya ne, kada ka ɗaukar wa kowa. Ka ƙirga jakunkunanka wajen awo, ka adana takardar shaidar kowace.

Bayan ka sauka ma ba a gama ba. Kewar gida za ta sa duk wanda ya yi maka Hausa ya zama ɗan'uwa, kuma lallai akwai 'yan gida da za su riƙe ka tsakani da Allah. Amma a cikinsu ne wani zai ce, "Ara mini asusunka na banki, kuɗi za su shigo, in ba ka na shayi." A Ingila wannan halasta kuɗin haram ne, hukuncinsa yana iya kaiwa shekara 14 a kurkuku, kuma sunanka ne a asusun, ba nasa ba. Wani kuma zai ce ka kawo fasfo ya ajiye maka don kada ya ɓace. Kada ka bayar, ko da shi ya biya maka kuɗin jirgi, domin ta haka ake ɗaure mutum a aikin da ba zai iya bari ba. Idan har an riga an karɓe, ka nufi ofishin jakadancin Nijeriya mafi kusa, ka kuma sa danginka a Nijeriya su kai ƙara NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.