Yadda shugaban makaranta zai riƙe ragama idan aka zo da sabon tsarin ilimi

Takardar umarni daga ma'aikatar ilimi ba ta koyar da ɗalibi ko ɗaya. Sabuwar manhaja ba ta fara aiki sai ranar da malami ya tsaya gaban allo ya san abin da zai yi dabam da na jiya, kuma kai shugaba, kai za ka kai shi wurin.

Fara da karanta takardar kai kaɗai, da biro a hannu. Kasa abin da ke ciki gida uku: wanda ya zama dole a wannan zangon, wanda zai iya jira, da wanda makarantar ba ta da kayan yin sa. Na ukun nan ka rubuta wa ofishin da ke sama da kai tun da wuri, da adadi: littattafai nawa suka rage, malamai nawa ba su samu horo ba. In ka yi shiru, a kanka laifin zai sauka ranar da masu duba makarantu suka zo.

Daga kashi na farko zaɓi abu biyu kawai. Malamin da aka ɗora wa sauyi bakwai a lokaci guda zai cike fom ɗin duka, ya koma aji ya ci gaba da yadda ya saba.

Kafin babban taron malamai, zauna da mataimakinka da tsofaffin malamai. Sun ga tsare-tsare sun zo sun wuce, don haka kada ka ɗauki gunaguninsu a matsayin taurin kai. Sau da yawa a cikinsa za ka ji ainihin inda tsarin zai cije.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Horon kwana biyu ba ya canza koyarwar shekara goma. Ware minti 40 kowane mako a cikin jadawali, ba bayan an tashi ba, domin malaman darasi ɗaya su tsara darasin mako mai zuwa tare. Kuma duk aikin da ka ƙara, ka sauke wani: rahoton da ba mai karantawa, ko rajistar da ake kwafa sau biyu.

Shiga aji kullum, ko da biyu ne, minti 15 kowanne. Zauna a baya, ka karɓi littafin aikin yaron da ke kujerar ƙarshe, ba na gwanin aji ba, ka ga ko abin da ke kan allo ya iso shafinsa. A ranar ka yi magana da malamin, ku biyu, a kan gyara ɗaya tak. Kada ka haɗa wannan ziyara da batun ƙarin girma, in ba haka ba darasin ado za a riƙa nuna maka.

Yi wa ɗalibai ɗan gajeren gwaji kafin a fara, ka maimaita irinsa a ƙarshen zango. Sakamako yakan ɗan sauka da farko, saboda malami ya saki hanyar da ya ƙware a kai bai riga ya kama sabuwar ba. Faɗa wa iyaye haka tun kafin katin sakamako ya isa gida. In zango biyu suka wuce bai ɗaga ba, koma ka duba jadawali da kayan aiki kafin ka tuhumi malami.