Yaushe taga take buƙatar canji?

Salam 'yan'uwa. Ba kowace tsohuwar taga ce ta gama aiki ba, don haka kafin ku kira mai gyara ku duba da kanku.

Ku fara da firam ɗin. In na katako ne, ku danna kusurwoyin ƙasa da sukudireba, don nan ne ruwa yake kwanciya. In ta nutse kamar cikin soso, katakon ya ruɓe ko gara ta cinye shi, kuma fenti ba zai ceto shi ba, sai dai ya ɓoye ɓarnar. Na ƙarfe kuwa, tsatsar sama ana kankare ta. Amma in ta huda shi, ko ya lanƙwashe har sakata ba ta shiga, canji kawai.

Ranar da ake iska, ku rufe tagar ku zagaya gefenta da kyandir a kunne, nesa da labule. In wutar tana rawa akwai kafa. Sau da yawa robar ce ta bushe, ita kaɗai za a sake.

Masu taga mai gilashi biyu, in kuka ga hazo a tsakaninsu wanda tsumma ba ya gogewa, liƙin ya buɗe. Gilashin za a canza, firam na iya zama.