Kurakuran da ke kashe waƙa tun tana situdiyo

Duk waƙar da sabon mai situdiyo ya kawo a saurara, ciwonta bai wuce biyu ko uku ba, kuma su ne dai na bara da na bara waccan. Yaro ya sayi makirfo da sawun kad, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ya sa manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase, hannunsa ya ɗan faɗa a kan piyanon Yamaha, sai ya buɗe shago. Haka kowa ya fara, ba abin kunya ba ne. Abin da ke cin rai shi ne a ga waƙa mai kyawun baiti ta mutu saboda abin da minti biyar zai gyara.

Babban cikinsu shi ne ɗaukar murya da ƙarfi har mitar da ke nuna ƙarfin sauti ta yi ja. Sauti a kwamfuta yana da rufi, wato 0 a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira dB. Duk abin da ya taɓa rufin nan yanke masa kai ake yi, shi ne wannan tsagewar da kake ji idan mawaƙi ya ɗaga murya. Akwai manhajojin da ke ɗinke ɓarakar, amma zato kawai suke yi na abin da ya ɓata, muryar asali ta riga ta tafi. Mai cewa "za mu gyara wajen mikisin", wato wajen haɗa sautuka, yana shirya ranar da zai kira mawaƙi ya dawo ya sake waƙa kyauta ne, in ma ya yarda ya dawo.

Ga yadda nake so a yi. Ka sa ingancin naɗar sautin aikin a 24-bit. Ka ce wa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, galibi amshi ko inda zai yi kirari, ba farkon baiti ba. Ka murɗa maɓallin Gain, mai ƙara ko rage ƙarfin abin da makirfo ke shigarwa, har ƙololuwar muryar ta tsaya wajen -12 dB, matsakaicinta kuma wajen -18 dB. Ka bar wannan sarari, domin babu mawaƙin da ke gwaji da ƙarfin da zai yi idan waƙa ta shige shi. In ya ce ba ya jin kansa, hedfon ɗinsa za ka ƙara, ka bar Gain inda yake. A 24-bit muryar da aka ɗauka a hankali ana ɗaga ta daga baya ba tare da asarar komai ba.

Tsakanin baki da makirfo a bar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20, da rariyar tare iska a tsakiya. In babu ta saye, safar nailan a kan zoben waya tana yi. Wanda ya manna baki a makirfo, muryarsa za ta cika da gunji, kowane "b" da "f" kuma sai ya daki sifika.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne kwaso kiɗa gaba ɗaya daga Yamaha a layi guda. Ganga, bes, sarewa, duk a dunƙule. To me za ka haɗa? Ka ɗauki kowanne a layinsa, ko da zai ci maka ƙarin rabin awa.

Sai na biyu, wanda nake ganin ya fi yi wa waƙar Hausa ɓarna: nutsar da murya cikin Auto-Tune, manhajar da ke gyara kaucewar murya, da eko. Jama'a, Bahaushe magana yake saurare a waƙa. Bege ne, siyasa ce, soyayya ce ko ta biki, in ba a ji kalmomin ba an gama da ita. Harshenmu kuma na karin sauti ne. Kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne suka raba su. Kai kuma ka zo ka sa saurin gyaran Auto-Tune a sifiri, ka goge duk wata lanƙwasar murya, ka mai da mawaƙi na'ura, sannan ka zuba masa eko kamar yana cikin rijiya. Wa ya ce maka wannan shi ne zamani? Yawanci ma ba don ado ake yi ba, don ɓoye muryar da ba a ɗauka da kyau ba ne, kuma kunne yana ganewa.

Kafin ka taɓa komai, nemo sautin da aka gina kiɗan a kansa, wato "key", ka saita Auto-Tune daidai da shi. Barinsa a Chromatic, inda duk sautukan piyano ke buɗe, shi ke sa murya rawa tsakanin sauti biyu. Yawancin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, saboda haka ka cire waɗanda waƙar ba ta amfani da su. Saurin gyara, ni dai daga 25 zuwa 40 nake barinsa, sai in da gangan ake son muryar na'ura a wani wuri. Inda mawaƙi ya kauce da yawa, a sake ɗaukar layin, ya fi sauƙi kuma ya fi kyau. Kada ka taɓa naɗar murya da waɗannan kaya a manne a jikinta. Ya ji su a hedfon in yana so, amma abin da ke shiga kwamfuta ya zama busasshe, wato zallar murya.

Eko kuwa a buɗe masa layinsa daban a riƙa tura murya can. A yanke masa sauti mai kauri na ƙasa da 250 Hz da siririn sauti na sama da 7 kHz, tsawonsa daƙiƙa 1.2 zuwa 1.8, a jinkirta shigowarsa da kamar kashi 30 cikin dubu na daƙiƙa don harafin farko ya fito tukuna. Ka ɗaga shi har ka ji shi sarai, sannan ka rage kaɗan. Gwajina ɗaya ne: a kira wanda bai san waƙar ba, a kunna masa baitin farko a waya, ya maimaita abin da ya ji. Kalmar da ya kasa kamawa, nan aikinka yake.

A murya kanta, yanke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz. Kwamfuresa, mai danne wuraren da murya ta yi ƙarfi, a 3:1 ko 4:1, kada ta danne fiye da 3 zuwa 6 dB. Kaifin "s" da "ts" yana tsakanin 5 da 8 kHz, a rage shi da hankali, in ka wuce gona da iri mawaƙi zai koma kamar mai giɓi.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kwalin ƙwai a bango ba ya tsare ƙarar waje, amon ɗaki ma kaɗan yake ragewa. Katifa mai kauri a bayan mawaƙi da bargo a gefe sun fi shi. Gurnanin da kake ji a ƙasan sauti na wuta ne, 50 Hz, kuma maganinsa wayar makirfo ta XLR mai kyau, nesanta ta da wayoyin wuta, da jona kayan duka a soket ɗaya. Fanka a kashe, janareta a kai shi nesa, wayoyin hannu a fitar. Makirfon kondensa ba ya magana sai an kunna masa wutar 48V a sawun kad. Bofa, wato saitin da ke ƙayyade jinkirin sauti a kwamfuta, 128 lokacin ɗauka, 1024 lokacin haɗawa. Waƙar da za ta shiga fim ko bidiyo a sa saurin naɗar sautinta a 48 kHz tun farko. Fayil ɗin 44.1 da aka kunna a matsayin 48 sauri zai ƙara, murya ta haura kusan sauti ɗaya da rabi na madannan piyano. Kwafe layin amshi sau huɗu ba ya sa shi kauri, ƙara kawai yake yi. 'Yan amshi su rera sau uku ko huɗu da gaske, a raba hagu da dama.

Kada ka yanke hukunci da sifikun situdiyo kaɗai. Masu saurarenka a waya suke ji, a ƙaramar sifikar Bluetooth, a cikin adaidaita sahu. Ka mai da haɗin mono, wato hagu da dama a haɗe wuri guda, ka saurara, ka ga me ya ɓace. Bes mai zurfi waya ba ta fito da shi, sai ka ɗan gasa shi, wato ka ƙara masa ɗan kaushi, ya sami amo a sama. Limita kuma, mai hana sauti taɓa rufi, ba gasar ƙara ba ce: Spotify yana daidaita waƙoƙi wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, wanda ya matse tasa har ta shaƙe rage ta za a yi. A bar ƙololuwa a -1 dB. Duk minti 45 ka fita ka huta da kunne.

Wajen miƙa aiki, ba mawaƙi WAV da MP3 mai 320 kbps, in ta WhatsApp ne a tura a matsayin takarda don ta isa yadda take. Kunna ajiyar kai-tsaye ta kowane minti biyar saboda ɗaukewar wuta, kuma kowane aiki ya kwana a wuri biyu, kwamfuta da wata ma'ajiyar fayil ta daban, wato hard disk. Maganar kuɗi da adadin gyaran da za ka yi kyauta, sau biyu nake sawa, a gama ta a rubuce kafin mawaƙi ya sa hedfon.