In hoton 3D ya fito a kwamfutarka amma ya ƙi fitowa a ta wani

Jama'a masu aiki da OpenGL, wato tsarin da manhajoji ke bi wajen zana hoton 3D, idan allo ya yi baƙi ƙirin a wata kwamfuta, kada ku yi saurin zargin lissafinku. Ku fara sa manhajar ta buga abin da glGetString ya dawo da shi na GL_VERSION da GL_RENDERER, wato sigar OpenGL da sunan katin hoton da ke aikin. Sau da yawa laftof ce mai katin hoto biyu, ta ɗora aikin kan na Intel, na NVIDIA yana zaune ba aiki.

Sai batun direba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto. Ta NVIDIA tana da kawaici, takan haɗiye ƙananan kurakurai a shader (ƙaramar manhajar da katin hoto ke gudanarwa wajen zane), ta AMD ko Mesa ta Linux kuwa ƙememe take ƙi. Don Allah ku sa layin #version a saman kowane shader, ku karanta glGetShaderInfoLog, ku kuma gwada shi da glslangValidator na Khronos.

Mac kuma nata daban ne. Apple ta tsaya a OpenGL 4.1, tun 2018 ta daina ciyar da shi gaba. Sai kun nemi core profile (tsarin OpenGL na zamani da aka cire wa tsofaffin umarni) da kanku, in ba haka ba 2.1 za a ba ku. A core kuwa, in ba ku ɗaura VAO (Vertex Array Object, mai riƙe tsarin bayanan kusurwoyin zane) ba, ko alwatika ɗaya ba za ta fito ba.