Idan tsakuwar hunturu ta tsaga maka gilashin mota a Ingila

Da hunturu ana watsa gishirin dutse a tituna saboda ƙanƙara, wani lokaci tsakuwa ta fantsamo ta tsaga gilashin gaba.

Da farko ka tsaya, ka ɗauki hoton tsagar, ka rubuta lokaci da sunan titin.

Sai ka manna salatif a kai don kada ruwa ya shiga. Don Allah kar ka zuba ruwan zafi da safe don narkar da ƙanƙara, tsagar tana iya ƙaruwa nan take.

Kira kamfanin inshorarka kafin ka je wurin mai gyara. Tambaye su ko inshorar ta haɗa da gilashi, da nawa za ka cika daga aljihunka.

Ka hanzarta, domin tsagar da ta wuce milimita 10 daidai gaban direba tana iya kayar da mota a gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota da ake yi shekara-shekara.